SHARAR KEWAYE, MAGANIN GOBARAR DAJI

Da zarar an gama kaka, hunturu ya kama wajen watan Nuwamba, sai ciyawar daji ta bushe ƙayau. Gamba da kyasuwa, waɗanda suka yi tsawo da damina, su ne ke zama abincin wuta. A wannan lokaci guntun taba sigari, ko wutar yara masu farautar gafiya, ko ta masu ɗiban zuma, ta isa ta cinye wahalar shekara guda kafin a tashi daga kasuwa.

Wuta ba ta rayuwa sai da abu uku: zafi, da iska, da abin da za ta ci. Zafi da iska ba su hannunmu. Abincinta kuwa muna iya ɗauke mata. Wannan ita ce hikimar sharar kewaye.

Yadda ake yi shi ne, a sa fartanya da manjagara a kankare ciyawa har ƙasa ta fito fili, a zagaye gida da rumbuna da wurin da aka tara kara. Yanka da lauje kaɗai bai isa ba, domin wuta tana bin kututturen ciyawa tana rarrafe. Faɗin sharar kada ya gaza taku goma, in ciyawar doguwa ce a ƙara. A fi faɗaɗa gefen arewa maso gabas, don daga nan iskar hunturu ke busowa, ita ce kuma ke ɗaukar tartsatsi ta tsallakar da shi. Wanda gidansa ke kan tudu ya lura da gangare, gama wuta ta fi sauri in tana hawa.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne mutum ya share kewaye tsaf, sa'an nan ya jibge sharar a gindin danga, ko ya jingina harawa da rumbu. Ai wannan an kori ɓarawo ne an bar masa tsani. A kai sharar nesa, ko a zuba ta a ramin taki. Rassan da suka sunkuyo kan jinka su ma a sare su.

Waɗansu manoma sukan ƙone kewayen tun ciyawa na da sauran ɗanyenta. Dabara ce, amma sai da yamma in iska ta kwanta, da mutane tsaye riƙe da ɗanyun rassa. Ba aikin yara ba ne.

Kada a ɗauka abin wasa ne. A 1983, shekarar fari, gobarar daji ta cinye gonakin koko da na abinci masu yawa a ƙasar Gana, har aka yi yunwa. A 1990 gwamnatinsu ta kafa dokar hana ƙona daji. A Jamhuriyar Nijar kuma akan tara jama'a su share dogayen hanyoyi cikin makiyaya, kamar a jihar Tawa, don in wuta ta tashi ta tsaya a yanki guda, dabbobi su sami abin ci har damina.

Mu ɗalibai, hutunmu na Disamba ya faɗo daidai lokacin wannan aiki.