Me Za Mu Kai Wa Mai Sabon Gida?

'Yan'uwa manoma, da zarar an gama kaka, an kai gero da dawa rumbu, sai bukukuwa su tashi a ƙasar Ƙauran Namoda da Shinkafi da Zurmi. Wannan zai aurar da 'yarsa, wancan ya yi wa ɗansa sabon ɗaki, wani kuma ya fita daga gandun mahaifinsa ya kafa nasa gida. Kowane ɗayansu yana da hakkin gudunmawa a kanmu. To, abin da ya kamata kowace ƙungiya ta zauna ta tattauna tun kafin ranar ta zo shi ne: me za mu kai?

A zamanin kakanninmu, kayan ɗakin amarya ƙorai ne da akushi da tukwanen ƙasa da faifai da tabarma. Bayan da jirgin ƙasa ya iso Ƙaura a 1929, yana kwasar gyaɗa da auduga, kayan kanti suka yawaita, sai jeren tasoshi da kwanuka ya maye gurbin jeren ƙorai. Jere ba abin raini ba ne. Shi ne asusun mace: in rana ta ɓaci ta sayar, in 'yarta ta isa aure ta ɗiba ta ba ta. Amma ku duba yadda abin ya koma. Uba yakan sayar da wakensa a kaka, sa'ad da ya fi araha, ko ya jinginar da gona, domin ya cika ɗaki da kayan da ba za a taɓa ɗora su kan wuta ba. Damina na tsayawa sai ga shi yana awo da tsada. Masu gudunmawa kuma kowa ya kawo abin da ya ga dama, sai a tara wa amarya kuloli biyar, amma babu bokiti ko ɗaya.

Akwai kuma wani irin sabon gida da ba a shigarsa da guɗa. Shekaru fiye da goma ke nan 'yan bindiga suna tashin ƙauyuka a wannan yanki. Iyalai da yawa sun baro gidajensu suka koma cikin gari, waɗansu ma tun 2019 suka ƙetara zuwa jihar Maraɗi a Nijar. Kayan da hukumar kula da 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta kan fara ba irin waɗannan mutane su ne tabarma, bargo, gidan sauro, bokiti, jarka, tukunya da kwanukan ci, da fitila mai aiki da hasken rana. Waɗannan su ne abin da gida ba ya tsayawa sai da su, ko na amarya ne ko na wanda ya yi gudun hijira. Daga nan ya kamata kyautarmu ta fara.

Ruwan sha

A 2021 kwalara, watau amai da gudawa, ta kama mutum fiye da dubu ɗari a Nijeriya, ta kashe fiye da dubu uku, Zamfara kuwa tana cikin jihohin da suka sha wuya. Sau da yawa ruwa yakan fito da tsabta daga rijiya ko famfo, a cikin gida ne yake ɓaci, gama kowa yana tsoma hannu da moɗa a randar da ba murfi. Saboda haka a kai randa ko tulu mai murfi, da moɗa mai dogon hannu wadda za a riƙa ratayewa, ko kuwa bokiti mai famfo a gindi. A haɗa da buta da sabulu. In jarka ce, ta zama sabuwa. Jarkar da ta taɓa ɗaukar fetur ko maganin feshi ba ta ruwan sha ba ce, kome wankin da aka yi mata.

Matan da suka kai kayan su tuna wa uwargida haɗin ruwan gishiri da sukari don yaro mai gudawa: lita ɗaya ta ruwan da aka tafasa ya huce, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Ana ba shi kaɗan-kaɗan ana kan hanyar asibiti.

Gidan sauro da fitila

Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa cikin kowane mutum huɗu da zazzaɓin cizon sauro ya kama a duniya, wajen ɗaya ɗan Nijeriya ne. Waɗanda ya fi yi wa lahani su ne mata masu ciki da ƙananan yara, watau mutanen da za su cika sabon gidan nan ba da daɗewa ba. Gidan sauro mai magani ɗaya yana isar mutum biyu, yakan kuma kai wajen shekara uku in an kula da shi. A shanya sabo a inuwa kwana ɗaya kafin a fara kwana ciki. In an wanke shi, a inuwa ake shanyawa. A kai shi tare da igiya da ƙusoshi, a kuma ɗaura shi a ranar, gama wanda aka bari cikin leda yakan ƙare a shingen lambu.

Fitila mai aiki da hasken rana ba ta shan kananzir, ba ta hayaƙi, ba ta kuma tayar da gobara a ɗakin ciyawa kamar aci-balbal. Waɗansu ma suna cajin waya.

Abin ajiye hatsi

Sabon maigida sau da yawa bai riga ya gina rumbu ba, abin da ya noma a ɗaki yake kwana. Ƙwari suna shiga wake, sai ya rasa dabara ya zuba masa ota-fiya-fiya. Wannan guba ce ga masu ci. Saboda irin wannan magani ne Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Nijeriya a 2015.

Akwai buhun PICS, wanda masanan Jami'ar Purdue ta Amurka suka fito da shi tare da masana a arewacin Kamaru, aka fara yaɗa shi a Afirka ta Yamma a 2007. Leda biyu ne masu kauri a cikin buhu na saƙa. A busar da wake sosai, a zuba, a matse iska, a ɗaure kowace leda daban. Iska na ƙarewa ƙwarin sai su mutu, ba da ɗigon magani ba. A ɗora buhun a kan katako, nesa da ɓera. Muddin ledar ba ta huje ba, ana iya sake amfani da shi kaka ta gaba. Buhu biyu irin wannan suna ba saurayi damar riƙe wakensa har ya yi daraja.

Turmi da kayan girki

Tukunya biyu, babba da ƙarama, da muciya, ludayi, rariya, wuƙa, da turmi da taɓarya. A saya wurin maƙera da masassaƙa da maginan tukwane na kasuwanninmu, kuɗin ya tsaya a gida. Game da turmi, kada mu manta da abin da ya faru a 2010 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, inda gubar dalma ta kashe yara wajen ɗari huɗu, saboda ana dakan dutsen zinariya ana niƙa shi a cikin gidaje. Turmin abinci na abinci ne kaɗai. In za a kai turmi, a kai sabo wanda an san asalinsa.

Kyauta mai rai

Kaza biyu da zakara, ko 'yar akuya, sun fi kwalla goma amfani. Ƙungiya tana iya ba da akuya bisa sharaɗin cewa 'ya mace ta fari za ta koma ga gida na gaba. A kuma kai dashen zogale, a dasa inda ruwan wanke-wanke ke gangarawa. Kafin shekara ta zagayo an fara ɗibar ganyen miya.

Yadda ƙungiya za ta shirya

Da fari, a aiki dattijuwa ɗaya ko biyu daga zumuntar mata su je su gani da idonsu, su tambayi uwargida abin da babu. Ita ce ta san abin da take ara wurin maƙwabta kowace safiya. Na biyu, magatakarda ya rubuta kayan, a raba: wane bokiti, wance gidan sauro, mutum uku su haɗa kuɗin fitila. Na uku, a buɗe ɗan asusu a kaka, kowa ya ba da mudu ɗaya ko biyu, domin kada bukata ta same mu a watan da babu. Na huɗu, a faɗa a fili cewa kayan ƙungiya ba bashin biki ba ne da za a jira a rama da ribi biyu. Ga wanda ya baro ƙauyensa kuwa, a kai da yamma ba tare da shela ba, gama jiya shi ma mai rumbu ne. Kada kuma a tsaya ga 'yan ƙungiya kaɗai. Maƙwabcin da ya sauka kusa da mu, Kirista ne ko Musulmi, sauro ɗaya ke cizonmu, rijiya ɗaya muke sha.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A taronku na wannan wata ku lissafta gidajen da za a tare a bana, da baƙin da suka sauka a unguwarku, ku raba kayan tun yanzu. Wanda ya ga dama ya ƙara kwanon ado daga aljihunsa, ba laifi, amma sai bayan randa ta sami murfi, an kuma ɗaura gidan sauro.