Daga Unguwar Dira Zuwa Ƙauyen Ushaiƙir: Ginin Ƙasa Ya Zama Jari

Unguwar Dira ita ce cibiyar tsohon birnin Riyad, kuma a cikinta ne sansanin Masmak yake, wato ginin tubalin ƙasa na ƙarni na 19 wanda Sarki Abdul'aziz ya ƙwace a watan Janairun 1902, nasarar da ta zama harsashin daular Saudiyya ta yau. Tun 1995 aka mayar da shi gidan tarihi, kuma har yanzu ana nuna wa baƙi tsinin mashin da ya karye a jikin ƙofarsa ranar farmakin. Daura da shi akwai masallacin Imam Turki bin Abdullah da kasuwar Zal, inda ake cinikin darduma da alkyabba da turaren wuta, ake kuma gwanjon tsofaffin kaya.

Abin da ake kira yawon buɗe ido na halal shi ne tafiyar da aka tsara yadda Musulmi zai samu abincin da ya halatta, da wurin alwala da salla a kusa, da masaukin da babu barasa, wanda magidanci zai sauka da iyalinsa hankali kwance. Dira ta gaji wannan tsari ne tun kafin a ba shi suna, amma tun da Saudiyya ta fara ba da bizar yawon buɗe ido a watan Satumban 2019, babban aikin ya koma na kai baƙi karkara.

Ushaiƙir, mai tazarar kimanin kilomita 200 arewa maso yamma da Riyad, tsohon zangon mahajjata ne a yankin Washm, wanda mutanensa suka bar tsofaffin gidajensu suka koma ginin siminti. 'Ya'yan garin ne suka tashi suka gyara gidajen kakanninsu da kuɗin aljihunsu, suka maido da rufin itace da zarben dabino, suka share lungunan da aka rufe samansu saboda zafin rana, wasu ma suka buɗe gidajen tarihi na kansu, ga kuma gonakin dabino da tsofaffin rijiyoyi a gefen gari. Wannan mallaka ta 'yan gari ita ce ta fi kome muhimmanci, domin ƙauyen da kamfanin birni ya gyara yakan zama wurin ɗaukar hoto kawai, ribarsa kuma ta koma inda jarin ya fito.

Ƙasar Hausa tana da irin wannan gado, daga ginin tubali da azara zuwa Ɗegel, ƙauyen da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna ya karantar, da kufan Surame, da dutsen Kufena na Zariya, sai dai rashin tsaro da lalacewar hanyoyi sun hana baƙo zuwa, damina kuma tana cin katangun shekara da shekara. Ya kamata masarautu da ƙananan hukumomi su fara da yi wa waɗannan wurare rajista da yaɓe, su kuma damƙa kula da su a hannun mazauna wurin, waɗanda za su ciyar da baƙo, su sauke shi, su ba shi tarihi.