Kyamara Mai Ɗaki Biyu Ta Maɗaba'a

Mai karatu, in ka sami tsohuwar jarida ta shekarun 1970, ka kawo hoton da ke ciki kusa da idonka ka duba da kyau. Ba abin da za ka gani sai ɗige-ɗigen tawada, manya a inda ke da duhu, ƙanana a inda ke da haske. Injin ɗab'i baƙi da fari kurum ya sani, saboda haka tilas a farfasa hoto ya zama ɗigo kafin ya bugu. Wannan shi ne aikin mai kyamarar maɗaba'a.

Ita wannan kyamara ba irin ta masu ɗaukar hoton biki ba ce. Wata takan kai tsawon mota, a kan dogo take tafiya, kuma ɗaki biyu take ci. A ɗakin haske ake manna hoto ko shafi a jikin allo, fitilu masu ƙarfi suna haska shi, bayanta kuwa ya ratsa bango ya shiga ɗakin duhu inda ake sa fim. In ana so a rage hoto ko a ƙara masa girma, sai a matsar da allon da idon kyamarar bisa ga lissafi.

Abin da tsofaffin ma'aikata suka fi tunawa shi ne ɗakin duhun nan. Jar fitila kaɗai ake kunnawa, domin fim ɗin ba ya ganin ja. Ga zafi, ga warin ruwan wanki da ke bin tufafi har gida. A gaban fim ake shimfiɗa wata raga mai layi 65 zuwa 85 a kowane inci, ita ce ke haifar da ɗigon. To, a nan gwani ke bambanta da ɗan koyo. Daƙiƙa kaɗan in suka ƙaru ko suka ragu, ko ruwan wanki ya ɗumama, sai fuskar mutum ta fito baƙi ƙirin ko ta koɗe, ga edita a bakin ƙofa yana jira, ga motocin kai jarida larduna sun tsaya. Bayan fim ya bushe, a bi shi da ɗan buroshi ana toshe ƙananan huji, sa'an nan a ɗora shi a kan farantin alminiyam a gasa da haske. Hoto mai launi kuwa sau huɗu ake ɗaukarsa.

Ajalin sana'ar daga Amurka ya taso. A 1984 kamfanin Apple ya fito da kwamfutar Macintosh, a 1985 manhajar PageMaker ta biyo baya, shafin jarida ya koma kan allon kwamfuta. Cikin shekarun 1990 aka soma zana faranti kai tsaye ba tare da fim ba. A ganina an yi gaggawar yar da kyamarorin nan, domin da yawa 'yan gwangwan suka saye a matsayin tsohon ƙarfe, alhali gidan tarihi ya dace da su.