Tsuntsun Oriyol: Abokin Manomi a Gona

Manoma da yawa kan ɗauki wannan tsuntsu a matsayin kabare saboda launinsa ruwan ɗorawa, su harbe shi. Wannan kuskure ne. Oriyol, wanda masana ke kira Oriolus auratus, ya fi kabare girma, domin tsawonsa ya kai kimanin santimita 24. Namijin yana da jan baki da baƙin layi da ya ratsa idonsa, macen kuwa launinta ya ɗan karkata zuwa kore.

Mazauninsa shi ne daji mai dogayen itatuwa kamar doka, ɗorawa da ɓaure. Ba ya yawo cikin garke. Akan gan shi shi kaɗai ko su biyu a saman itace, kuma sau da yawa za a ji kukansa mai kama da busar sarewa kafin a gan shi.

Abincinsa tsutsotsi ne da ƙwari da 'ya'yan itatuwa, musamman ɓaure. Ba ya ɓarnar gero ko dawa. Saboda haka ana shawartar malaman gona su faɗakar da manoma su bar manyan itatuwa a gona, su kuma hana yara harbinsa da danƙo.