Matuƙin jirgin sama ma yana komawa aji

Kai mai karatu, ka san direban da ya saba da taksi ba a miƙa masa babbar mota haka kawai. Sai ya sake permi. To, haka abin yake ga matuƙin jirgin sama, har ma ya fi tsanani. Ko ya shekara 20 yana tuƙi, in za a ba shi irin jirgin da bai taɓa tuƙawa ba, dole ya koma aji, a jarraba shi, a rubuta sunan jirgin cikin takardarsa.

Don mi? Don jiragen ba ɗaya suke ba. Dubi Boeing 737 da Airbus A320. Girmansu kusan ɗaya, amma na farko sitiyarinsa yana gaban matuƙi, na biyu kuwa ɗan sanda ne a gefe, hannu ɗaya ke riƙe shi, kwamfuta ta isar da umarni ga fukafukai. Hannu kuma, in hankali ya tashi, abin da ya saba yake nema.

Shirin daga gida yake farawa. Ana ba shi littattafai masu kauri, galibi da Ingilishi: injin, mai, lantarki, birki. Wasu sukan manna hoton ɗakin tuƙi a bango, su zauna bisa kujera, suna taɓa maɓallai ɗaya bayan ɗaya har yatsa ya san hanya. Kada ka yi dariya. Haka kai ma ka yi ta maimaita baƙaƙe kafin su zauna maka. Akwai kuma abin da ake haddacewa, don ba lokacin buɗe littafi. In iskar cikin jirgi ta zube can sama, matuƙi zai fara rufe hancinsa da bakinsa da abin shaƙar iska kafin komi, don daƙiƙa kaɗan sun isa ya suma.

Daga nan sai jirgin gwaji. Wani babban akwati ne bisa ƙafafu shida, cikinsa ɗakin tuƙi sak. Yana girgiza, yana karkata, amma bai barin ƙasa. Matuƙa biyu ke shiga, malam na bayansu, zama ɗaya wajen awa 4. Daidai lokacin tashi malam ya kashe injin guda, ko ya kawo hadari da hazo. Wanda ya kasa ya sake. Bayan ya ci jarrabawa ma, tafiye-tafiyensa na farko da fasinja, wani ƙwararre na zaune gefensa.

Horon nan yana cin kuɗi, shi ya sa kamfanoni ke son a taƙaita shi in jiragen ƴan gida ɗaya ne. Lokacin da Boeing 737 MAX ya fito, matuƙan tsohon 737 ɗan darasi kawai suka yi a kwamfuta. Ba a gaya musu akwai sabuwar na'ura mai dunƙufar da hancin jirgi da kanta ba. A Oktoba 2018 ɗaya ya faɗi a Indunisiya, a Maris 2019 wani ya faɗi a Habasha. Mutum 346 suka rasu. An hana jirgin tashi, sai a Nuwamba 2020 Amurka ta sake ba shi izini, bayan an gyara na'urar, da sharaɗin kowane matuƙinsa sai ya shiga akwatin gwaji tukuna.