Duwatsu masu tuna arewa

Garin Filinge yana cikin kwarin Dallol Boso, a ƙasar Kurfai. Akwai tsaunuka a gefen kwarin. Duwatsunsu ja ne, saboda akwai ƙarfe cikinsu. Irin wannan ƙarfe yana taimakon masana su san inda ƙasa take tun can da.

Duniya kamar babban maganaɗisu ce. Shi ya sa allurar busol take nuna arewa kullum. Idan aka rataye allurar yadda za ta iya sunkuyawa, a tsakiyar duniya kwance take zama. Amma kusa da ƙurewar arewa ko ta kudu, sai ta sunkuya ƙwarai.

Lokacin da narkakken dutse yake hucewa, ko laka take kwantawa ƙarƙashin ruwa, ƴan ƙwayoyin ƙarfen da ke ciki sukan jeru kamar allurai. Da dutsen ya daskare, ba su ƙara motsi. Masana sukan yanko guntunsa su auna. Ta haka suke gane wurin da dutsen ya samu.

Sun auna tsofaffin duwatsu a wurare da dama na Afirka. Sun gano cewa shekara wajen miliyan 445 da suka wuce, yammacin Afirka yana kusa da ƙurewar kudu. Ƙanƙara ta rufe Sahara a lokacin. A Jado, can arewa maso gabashin Nijar, har yanzu ana ganin sawunta bisa duwatsu. Ke nan ƙasar Kurfai ta yi doguwar tafiya kafin ta iso inda take yau.

Ƙarƙashin teku ma akwai shaida. Maganaɗisun duniya yakan juya, arewa ta koma kudu. A 1963 masana biyu na Ingila, Vine da Matthews, suka bayyana cewa sabon dutse yana fitowa a tsakiyar teku, yana ɗaukar alamar kowane juyi, layi bayan layi. Da aka ƙidaya layukan, an ga tekun Atalantika yana ƙara faɗi santimita kaɗan kowace shekara. Kafin ya buɗe, fiye da shekara miliyan 100 ke nan, Afirka da Amurka ta Kudu a manne suke.

Tambayoyi
1. Mi ya sa duwatsun Filinge suke ja?
2. Mi ake gani bisa duwatsun Jado?
3. Wace ƙasa ce take manne da Afirka a da?