Lissafin Ɗan Kwari a Kasuwar Hannayen Jari

A Kantin Kwari da ke Fagge, wanda zai sayi shago ba ya tsayawa kan farashi kaɗai. Yakan zauna a bakin layi ya lura da masu shigowa, ya tambayi maƙwabta dila nawa ta atamfa ke fita a mako, kuma cinikin bana ya fi na bara ko ya gaza. Shagon da cinikinsa ke hawa yakan biya kuɗinsa da wuri ko da an saye shi da tsada.

Irin wannan lissafi masu sayen hannun jari ke yi da ma'aunin da ake kira PEG. Peter Lynch, wanda ya riƙe asusun Magellan a Amurka daga 1977 zuwa 1990, shi ya yaɗa shi a littafinsa na 1989, shekarar da aka buɗe reshen kasuwar hannayen jari ta Najeriya a Kano.

Rabawa biyu ce. A raba farashin hannun jari da ribar da yake samarwa a shekara, sannan a raba abin da ya fito da saurin ƙaruwar ribar. A ce hannun jari naira 100, ribarsa naira 10: an sami 10. In ribar na ƙaruwa da kashi 5 cikin ɗari, ma'aunin ya ba da 2. Wani kuwa naira 200, riba naira 10, amma tana ƙaruwa da kashi 25: nasa 0.8. A wurin Lynch, 1 shi ne daidai kuɗinsa, don haka na naira 200 ɗin ne mai araha.

Rashin yin wannan awo ya ci dukiyar jama'a. Bayan haɗe bankunan Najeriya a 2005, mutane sun yi rububin sayen hannun jarinsu don kawai farashi na tashi. Alƙaluman kasuwar sun haura 66,000 a Maris ɗin 2008, cikin shekara guda suka faɗo wajen 20,000.

Sai dai ma'aunin yana buƙatar taka-tsantsan, domin ƙaruwar ribar gobe hasashe ce. Ga kuma hauhawar farashi, wadda ta wuce kashi 30 a 2024. Kamfanin da ribarsa ta ƙaru da kashi 25 a waccan shekara baya ya ci, kamar mai shinkafa a kasuwar Sabon Gari da kuɗi suka ƙaru a durowarsa, amma da ya je sari, buhunan da ya ɗauko ba su kai na bara ba.